Yadda Ake Raba Jarkar Masunci da Wari

Kawuna ba ya yarda da hancinsa kaɗai. Idan zai duba jarkar ruwan shan da yake shiga dam da ita, sai ya buɗe murfi, ya zura yatsa iya inda ya kai, ya shafo bangon ciki. In ya ji santsi kamar ya taɓa miyar kuɓewa, ranar jarkar ba za ta hau jirgi ba, ko da ruwan cikinta garau yake. Yakan ce mini, "Ɗan nan, bar zargin ruwa, mazubin za ka tuhuma." Na yi shekaru ina bin sa su a lokacin hutun makaranta, kuma wankin jarka shi ne aikin farko da ya danƙa mini, tun kafin ya yarda in riƙe filafili.

Mu mutanen Rurum Tsohon Gari, dam ɗin Tiga a bakin ƙofarmu yake. Tsakanin 1971 da 1974 aka gina shi, zamanin Gwamna Audu Bako, aka tare Kogin Kano domin noman rani a su Kadawa da Kura. Da ruwa ya kwanta, masunta suka zo daga nesa, 'yan gida ma da ba su san komai ba sai fartanya suka koyi zuba kalli da ɗaura mamari. Wanda zai wuni a kwale-kwale yana neman karfasa da tarwaɗa dole ya sha ruwa. Da yawa hannu kawai suke sawa su kamfato na dam. Kawu bai taɓa yi ba. Ya ce ruwan da shanu suke shiga, ake wanki a bakinsa, damina kuma ta kwaso duk abin da ke gonaki ta zuba a ciki, ba zai kai shi bakinsa ba, don ya ga yadda amai da gudawa ke kayar da ƙato cikin wuni ɗaya. Daga rijiyar burtsatse yake cika jarkarsa.

To amma ruwa mai kyau ma, in ya kwana biyu a mugun mazubi, sai ka buɗe ka kau da kai. Jarkar da kowa ke amfani da ita, ruwan ɗorawar nan mai cin lita 25, asalinta ta man girki ce. Ragowar man da ya maƙale a jikinta shi ke fara lalacewa. A kansa ƙwayoyin cuta suke samun wurin zama, su shimfiɗa wannan santsin da Kawu ke lalube da yatsa. Rana ta ratsa roba, gansakuka ta tsiro. In kuma an toshe murfi an manta da ita mako guda a cikin zafi, iska ta ƙare a ciki, sai ka ji ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda wasu ƙwayoyin da ba sa buƙatar iska suke fitarwa. Ƙarnin kifi shi kuma daga hannunmu yake shiga. Shi ya sa zubar da tsohon ruwa a ɗauraye a zuba sabo ba ya maganin komai. Kwana ɗaya warin ya dawo, domin gidansa yana nan ba a rushe ba.

Akwai jarkar da ba a ɓata mata lokaci. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir, ko maganin feshin ciyawa da na ƙwari, roba ta riga ta sha, babu wankin da zai fitar. Wannan yana ba ni tsoro ƙwarai a yankinmu, inda kusan kowane gida daga Rano har Kibiya akwai galan ɗin maganin feshi a bayan ɗaki, kuma masu jirgi mai inji da irin jarkar nan suke ɗaukar mai. Kawu jan ƙyalle yake ɗaura wa ta ruwan sha a hannu, kowa a gidan ya san ba a taɓa ta da wani abu.

Ana farawa da maiƙo. A jiƙa kanwa a ruwa mai zafi, wanda bai kai tafasa ba, a zuba kamar lita uku, a rufe, a jijjiga, a ajiye ta ɗan jima. In babu kanwa, ruwan toka da aka tace yana yi, garin sabulu ma yana yi, sai dai shi yana barin ƙamshinsa, a sha wuyar ɗauraya. Ruwan zai fito fari-fari kamar tsinkakken koko. A maimaita har ya daina.

Sai tsakuwa, kuma nan ne ake gane wanda ya iya. Hannu ba ya shiga bakin jarka, soso ma ba ya kaiwa lungu, don haka tsakuwa ce za ta yi maka gugar. Ba kowace ba. Yashi mai kaifi da tsakuwar da injin fasa dutse ya niƙa suna karce roba, kuma kowane karce sabon maɓoya ne ga santsi, ka wanke yau, bayan mako ta fi da lalacewa. Ta bakin rafi ake tsinta, wadda ruwa ya goge ta yi sumul, ƙanana, kada su wuce ƙwayar wake. Cikin tafin hannu biyu ya isa. Ruwan da za a zuba kuma kaɗan ne, lita biyu. Mai sabon hannu yakan cika rabin jarka yana ganin ya kyauta, alhali ruwa mai yawa riƙe tsakuwar yake yi, ta riƙa lilo a hankali ba ta dukan bango.

Ba sama da ƙasa ake girgizawa ba. Kwantar da jarkar ake yi a kan cinya, a kama baki da gindi, a riƙa kai ta dama da hagu yadda tsakuwa za ta ja jiki a bango ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A ƙirga kamar hamsin, a juya ɗaya bangon. Kawu da kunne yake aunawa. Muddin santsi yana nan, ƙarar a dushe take fita, kamar ana zuba hatsi a buhu. Idan bango ya fita, sai ta koma rau, kamar caki. Yana gyaran koma a gindin bishiya, bai ko ɗago kai ba, sai ka ji ya ce, "Juya, wannan gefen ya yi."

Inda kowa ke faɗuwa shi ne hannun jarka. Yawancinsu rami ne a ciki, haɗe da cikin jarkar, kuma ruwa yana kwana a can ba mai gani. Ɗaga tsohuwar jarka ka saita ta da rana, za ka ga baƙar inuwa kwance a hannun. Nan ne uwar warin. Sai an kifa jarkar, murfi a ƙasa, a karkata ta yadda tsakuwa za ta bi ta cikin hannun, ta shiga ta nan ta fita ta can, a yi ta yi har inuwar ta washe. Dalilin da ya sa aka ce ƙanana ke nan. Na taɓa sa manya, ɗaya ta cije a lanƙwasar hannun, muka yi ta buga jarkar da gindin turmi kafin ta faɗo. Kawu bai yi faɗa ba, ya dai ce in koma rafi in sake tsinto wasu, ya nuna mini girman da ɗan yatsansa.

Murfi da zaren bakin jarka da tsohon buroshin haƙori ake bin su. Ledar nan da ake naɗawa a baki don kada ruwa ya zuba, a yar da ita, a sa sabuwa kullum. Sau da yawa rabin warin a jikinta yake.

A zamanin kakanninmu da gora da tulu ake tafiya, kuma nan aikin yake tsayawa, sai a kifa mazubin a kan hayaƙi a turara shi. Har yau ina jin daɗin ruwan randar da aka turara a bakina, roba ba za ta taɓa ba da wannan ba. Amma yanzu muna da abin da su ba su samu ba, wato bilic, irin su Hypo da Jik, wanda ba a sa wa turare ba. Bayan an juye tsakuwa an ɗauraye, a zuba babban cokali biyu da rabi a jarka mai lita 25, a cika ta da ruwa fal har baki, a rufe, a bar ta awa huɗu. Bayan awa biyu a kifa ta, saboda iska takan taru a samanta da cikin hannun, ta hana maganin taɓa wurin da ya fi buƙata. Wannan ruwan na wanki ne, ba a sha. Kada a haɗa shi da lemon tsami ko tsamiya ko wani abu mai tsami wai don ya ƙara ƙarfi, domin iska mai guba yake fitarwa, mai shaƙe ƙirji. Kuma idan an gama, a ƙasa busasshiya ake zubarwa, nesa da gaɓa. Bilic yana kashe kifi, masunci kuwa ba ya zuba wa abincinsa guba.

Wasu suna tsallake tsakuwa su tafi kai tsaye ga bilic. Ba ya yi. Saman santsin kawai yake ƙonawa, na ƙasa su farfaɗo. Daga baya na fahimci manyan jiragen ruwa masu tanki da famfo da tiyo ma da wannan matsalar suke fama. Su ma ruwan bilic suke cika tanki da shi, su buɗe kowane famfo har sai sun ji warinsa ya fito, sannan su rufe na wasu awanni, don tiyo a wurinsu shi ne hannun jarka a wurinmu.

Ɗauraya sau uku, sannan shanya. A kife ake shanya ta, murfi a buɗe, a kan reshe ko turke, inda iska ke kaɗawa, wuni guda cur. In akwai sauran warin bilic ko na roba, a jefa gawayi mai tsabta guda uku ko huɗu a cikin ruwa ya kwana, yana tsotse shi.

A cikin jirgi kuma ba a ajiye ta a ƙasa inda ruwan kifi ke taruwa. Kawu a kan katako yake ɗora ta can wajen goshin jirgi, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara. Buhun yana tare rana, gansakuka ba ta samun haske, kuma yayin da yake bushewa yana sanyaya ruwan, har azahar ka sha kamar daga randa. Ba a kafa baki a jarka, da moɗa ake tsiyaya, bayan an wanke hannu. Abin da ya rage da yamma a juye shi, a kife ta. Samarin yanzu sun fi son su sayi ledar fiya wata su jefa a jirgi, kuma ina ganin inda ledojin suke ƙarewa, a bakin gaɓa da cikin kalli.

Ranar wanki ba a yanke wa jarka hukunci, don a lokacin kowace ƙamshi take yi. Cika ta ake yi da ruwa mai kyau, a toshe, ta kwana. Da asuba, kafin mu gangara dam, Kawu yakan buɗe murfin a hankali, ya kai hanci tun iskar farko ba ta tsere ba, ya zura yatsa, sannan ya tsiyaya a moɗa ya kurɓa ya riƙe a baki. In ya haɗiye, sai ya miƙo mini jarkar ya ce, "Ɗauka mu tafi."