Me Jininka Ke Faɗa Game da Asalinka?

Kwanakin baya musu ya kaure a ɗakinmu. Wani ya ce su jikokin Bayajidda ne daga Bagadaza, wani ya ce kakanninsa daga Futa Toro suka fito. Da yake ina ajin ƙarshe a sashen kimiyyar gwaje-gwaje, sai aka ce in raba gardama. Ga abin da na faɗa musu.

A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai DNA, wato rubutun gado da muke karɓa daga iyaye. Idan ka ɗauki mutum biyu daga ko'ina a duniya, kusan kashi 99.9 cikin ɗari na rubutun nan iri ɗaya ne. Ɗan bambancin da ya rage yana samuwa ne idan an yi kuskure wajen kwafarsa, sai 'ya'ya su gaji kuskuren. Waɗanda suka haɗa kuskure ɗaya, galibi sun haɗa kaka.

Ana bin sawu ta hanya biyu. Kuromosom Y daga uba yake zuwa ga ɗa namiji, DNA na mitokondiriya kuwa daga uwa kaɗai ake gadonsa. A 1987 Rebecca Cann da abokan aikinta suka bi layin uwa, ya kai su Afirka. Har yau bambancin gado ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka, domin a nan ɗan Adam ya fi daɗewa.

Amma fa a yi hattara. In ka koma baya zuriya goma, gurbin kakanninka 1,024 ne, layin Y kuwa mutum ɗaya tak yake nunawa. Kuma a 1972 Richard Lewontin ya gano cewa kusan kashi 85 na bambancin yana cikin kowace al'umma ne, ba tsakanin al'ummomi ba. Kenan ba a auna ƙabila a kwalba.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne sikila. Ta yaɗu ne a ƙasashen sauro saboda mai AS yana samun kariya daga maleriya mai tsanani. To amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS.

Ni AS ne, kuma sai bara na sani. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin zance ya kai gaban manya, a je a yi gwaji.