KARNUKA DA TSABTAR BAKIN KOGIN KADUNA
Darasi ga Hakimai da Malamansu

1. A ƙasashen da ke bakin teku akwai ƙa'ida game da karnuka. A Ingila, garuruwa da dama sun hana shiga da kare wurin wankan jama'a daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, sa'an nan suka ware masa wani gefe dabam. Har wa yau ma'aikata sukan ɗebi ruwan su auna yawan ƙwayoyin cuta na kashi da ke cikinsa.

2. Kaduna ba ta da teku, amma darasin ya shafe ta. Unguwannin kudancin kogi, watau Barnawa da Makera da Kakuri da Nasarawa da Kudenda, duk kwatocinsu kogi ɗaya suke zuba. Abin da aka yar a Barnawa, mutanen Kudenda ne za su tarar da shi.

3. Kashin kare yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, wanda kan daɗe cikin yashi bai mutu ba. Yaro ya yi wasa, ya kai hannu baki, ya haɗiye. Ruwan farkon damina kuma yakan kwashe ƙazantar rani ya zuba a kogi.

4. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu. Amma a Cadi cutar ta ɓuya jikin karnukan masunta na bakin kogin Shari, har a 2019 aka ƙidaya kusan 2,000 da suka kamu. Ana danganta wannan da kayan cikin kifi da ake jefa musu ɗanye.

5. Saboda haka ya kamata Hakimi ya umarci Dagatai da masu unguwa:
(a) a ware wa karnukan mafarauta da na gadi mashaya a ƙasa da wurin ɗibar ruwa da wanka;
(b) masunta su riƙa binne kayan cikin kifi;
(c) a hana yara iyo bayan ruwan sama mai yawa;
(d) a kai kowane kare wurin malamin dabbobi a yi masa allurar rigakafin hauka.

6. Aikin Malamin Hakimi ne ya rubuta yawan karnukan kowace unguwa da ranar allurarsu. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke ciwon da sabulu da ruwa minti 15, a kai shi asibiti ran nan, domin in alamun hauka suka bayyana magani ba ya ci.