Lallen Amarya a Ma'aunin Kimiyya

A Illela, garin kan iyaka da ke maƙwabtaka da Birnin Ƙonni ta Nijar, ba a kai amarya ɗakinta sai an sa ta a lalle. Akan daka busasshen ganye, a kwaɓa da ruwa, a ƙunsa a hannu da ƙafa.

Masana tsirrai na kiran wannan itaciya Lawsonia inermis. Ganyenta na ɗauke da sinadarin lawson, mai manne wa keratin, wato furotin ɗin fata da farce. Shi ya sa ruwa ba ya wanke jan, sai fatar sama ta sake bayan mako 2 zuwa 3.

Haɗarin yana ga baƙin ƙunshi, wanda akan haɗa da rinin gashi mai sinadarin PPD. Yakan jawo ƙaiƙayi, kumburi da ƙuraje kwanaki bayan biki, kuma jikin da ya taɓa ƙinsa yakan ƙi shi har abada. Jan lallen kansa bai dace da jarirai ba, domin yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD. Don haka wajibi ne iyayen amarya su tambayi mai ƙunshi abin da ta zuba a kwaɓinta.