Darasin Lafiya: Ruwan Famfo a Akodesewa, Daga Bututu Zuwa Baki

Darasin wannan fitowa a kan ruwan sha ne. Tun da iyalai suka fara sauka a gidajen Zongon Akodesewa, tambayar da iyaye mata suka fi yi mana idan mun zaga ita ce: ruwan famfon nan mai warin magani, ana shansa kuwa? Wasu sun ce yana tayar musu da zuciya. Wasu ma sun koma ɗiba a rijiyar tsakar gida, don ruwanta ya fi kama da wanda suka saba da shi a ƙauye. Amsarmu ita ce a sha. A cikin ruwan da ake samu a unguwar nan, na famfon kamfani ya fi aminci, kuma warin da ake gudu shi ne shaidar hakan. Sai dai akwai inda yake lalacewa, galibi ma a hannunmu, shi ya sa muke roƙon a karanta darasin a gaban kowa a gida, har da yaran da ake aika ɗiba.

Daga ina yake fitowa

Lome a bakin teku take, amma ruwan famfonta daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi. Kamfanin ruwa na ƙasa, wanda ake kira TdE, yana da rijiyoyin burtsatse masu zurfi. Yana tara ruwansu a ma'aikatarsa ta Kakaveli da ke Agwe, a arewacin birni, ya zuba masa maganin kulorin, sannan ya turo shi unguwanni ta bututu. Kulorin yana kashe ƙwayoyin cutar kwalara da taifot da yawancin masu kawo gudawa. Da gangan ake barin ɗan saura a cikin ruwan, domin ya ci gaba da gadinsa a doguwar hanyar da zai bi kafin ya iso gare ku. Wannan sauran ne kuke ji a hanci.

Nawa ne yawansa? Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙa'idojin aikin agaji suna neman a samu tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a kowace lita a bakin famfo. A jarka mai lita 20 ke nan, duk maganin da ke ciki bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba. Iyakar da hukumar ta ce kada a wuce ita ce miligiram 5, wato ninki goma na wannan. Mun ji raɗe-raɗin da ke yawo cewa maganin yana hana haihuwa. Babu gaskiya a ciki. Tun 1908 aka fara zuba shi a ruwan wani birni a Amurka, kuma yau shi ake zubawa a ruwan Kano da Yamai da Akara, ana ta haihuwa, ana ta suna. Wanda warin ya dame shi ya ɗiba a tulu mai murfi ya ajiye sa'a ɗaya ko biyu, zai ragu.

Rijiyar tsakar gida

A nan ne muke so a tsaya a yi tunani, don a nan haɗarin ya fi girma. A garuruwan da yawancinmu muka baro, ana yin gaba goma ko fiye kafin a tarar da ruwa, kuma bayan gida yana can nesa. Akodesewa kuwa kwari ce mai yashi, kusa da teku da tafkin Be, ruwa yana nan kusa da ƙafa. Yashi ba ya riƙe komai. Abin da aka zuba a masai yana tsiyaya ya tarar da ruwan nan na ƙasa, shi ne kuma guga ke ɗebowa. Ƙa'idar aikin agaji ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Ku auna da ƙafa a gidan da kuke. Da wuya ku samu rabin haka, in ma kun samu, masan maƙwabci yana bayan katanga.

Wani zai ce ai ruwan garau yake, har ƙasan bokiti ana gani. A shekarar 1854 kwalara ta kashe mutane fiye da 500 cikin kwana goma a wata unguwa ta birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya tarar yawancinsu daga rijiya guda suke sha, rijiyar da mutane ke yabo saboda daɗin ruwanta, har wata tsohuwa da ta ƙaura nesa take sa a kawo mata, ita ma ta rasu. Daga baya aka gano ramin ƙazanta dab da rijiyar yana yoyo a ciki. Ba sai mun je Ingila ba ma. A ƙarshen 2020 kwalara ta ɓulla a nan Lome, a Katanga da unguwannin da ke kewayen tashar jiragen ruwa, tafiyar da ba ta da nisa daga inda kuke zaune.

Dukanmu mun koya a gaban malam cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sāke ba, ana alwala da shi. Wannan hukuncin tsarki ne, kuma yana nan daram. Amma ƙwayar kwalara ba ta sāke ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa yana iya zama na alwala, bai zama na sha ba. Saboda haka ruwan rijiya a bar shi ga wanki da shara da wanka. Wajen kurkure baki a alwala, da goge haƙora, da wanke kwanon da yaro zai ci abinci, a zuba na famfo a buta.

Akwai kuma abubuwa biyu a ruwan rijiyar bakin teku da tafasawa ba ta cirewa. Na farko zartsi, wato gishirin teku da ke kutsowa ta ƙarƙashin ƙasa. Na biyu wani sinadari mai suna nitirat, wanda ke fitowa daga masai da shara, ba ya wari, ba ya ɗanɗano. Babba ba ya jinsa, amma jaririn da bai kai wata shida ba yana iya hana jininsa ɗaukar iska yadda ya kamata, har leɓɓansa su yi shuɗi. Tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi, don ruwan ne ke tafiya a tururi, shi yana nan. Kada a dama wa jariri madara ko koko da ruwan rijiya, ko an tafasa. Jaririn da bai cika wata shida ba ma nonon uwa ya ishe shi, ba ya bukatar ruwa ko da ana zafi.

Famfo da famfo

Ba duk ruwan da ya fito ta famfo ne na kamfani ba. Gidaje da yawa a Lome sun haƙa nasu foraj, sun ɗora tanki a sama, sun jawo famfo waje suna sayarwa. Wasu suna zuba magani, da yawa ba sa zubawa, kuma wani foraj ɗin bai fi rijiya zurfi da yawa ba. Ku tambayi mai sayarwa, ba rashin kunya ba ne. Famfon kamfani yana da mita. In babu mita, kuma hancinku bai ji komai ba, ku ɗauki ruwan a matsayin wanda sai an gyara kafin a sha. Haka ma na mai ga-ruwa, sai kun san inda ya ɗebo da halin jarkokinsa. Ruwan leda kuwa, akwai na kirki, akwai na bayan gida. A duba sunan kamfani da lambar izini a jiki, a wanke ledar kafin a kai baki, don ta sha hannu kafin ta iso gare ku.

Shi kansa ruwan kamfani yana da lokacin da ake taka-tsantsan da shi: sa'ad da ya dawo bayan an ɗauke. Muddin bututu cike yake, ƙarfin ruwan waje yake turawa, ko akwai tsaga ba abin da zai shiga. Da zarar an ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa tsotso abin da ke kewaye da shi ta wurin tsagar. Ku dubi siraran bututun roba da ke shiga gidaje, yadda wasu ke kwance a cikin kwata, za ku gane abin da muke nufi. A damina, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma wajen Oktoba, lokacin da ruwa ke kwanciya a lunguna, abin ya fi muni. Idan ruwa ya dawo, a bar na farko ya zuba a bokitin wanki har ya washe, warin magani ya dawo. In ya zo da launi ko wari irin na kwata, ruwa ba ya tsami banza, kada a sha. A gaya wa mai gida ya sanar da kamfani, a gaya mana mu ma. Ma'aikatanmu suna da ɗan abin gwaji: ana jefa ƙwaya a cikin ruwan, in ya koma ruwan hoda akwai kulorin, in bai sāke ba babu.

Tsakanin famfo da moɗa

Yawancin ruwan da ke sa yara gudawa lafiya lau ya fito daga famfo. A gida ya ɓaci. An tara shi a bokiti buɗe, yarinya ta ɗauko a ka yatsunta a ciki. An juye a randa mai faɗin baki wadda ba a wanke ba tun makon jiya. Moɗa tana ƙasa, yaro ya fito daga bayan gida ya ɗauka, ya tsoma har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da saura. Ɗan kulorin da ya rage yana iya fama da wannan na 'yan sa'o'i, amma zafi da iska suna cinye shi, bayan kwana ɗaya kusan babu sauran mai gadi a randar.

Mun san yadda ake zaune, iyali biyu ko uku a ɗaki da rumfa, jarka ɗaya tana aikin komai. Duk da haka muna roƙon a ware jarka guda mai ƙaramin baki da murfi, ta sha kaɗai, a ɗaura mata ƙyalle don kowa ya gane ta. Amfanin ƙaramin baki shi ne hannu ba ya shiga, sai dai a tsiyaya. In randa kuka fi so saboda sanyi, kuma muna ganin dalilinku a zafin Lome, a rufe ta, a ɗora ta a kan abu, a sa mata moɗa mai dogon hannu da ake ratayewa, a ɗiba a zuba a kofi, ba a sha da ita. A ɗebi na sha kullum, wanda ya kwana biyu a mayar da shi na wanki. Jarka kuma a wanke cikinta sau ɗaya a mako da sabulu, ana iya jefa tsakuwa masu tsabta a girgiza su kankare gansakuka. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta komawa ta ruwa har abada.

Idan ba makawa sai an sha ruwan da ba a amince da shi ba, a gyara shi. In da gurɓi a ciki, a fara barinsa ya kwanta, ko a tace da ƙyalle mai tsabta. Alif da garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka, amma aikinsu ke nan, ba sa kashe cuta, dole a bi da mataki na gaba. Tafasawa ita ce ta fi tabbas: ya tafasa sosai yana ɓulɓula minti ɗaya, ya huce a cikin tukunyarsa a rufe. Gawayi da gas suna da tsada, mun sani, shi ya sa ake raba ƙwayoyin Aquatabs. Girmansu ba ɗaya ba ne, wata ta lita ɗaya ce, wata ta jarka guda, don haka a sa wanda ya iya karatu ya duba jikin takardar, ko a tambaye mu. Bayan an jefa a rufe, a jira minti 30 cif. Ruwan jabel na kasuwa shi ma kulorin ne, amma ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, wani kuma an haɗa shi da turare, kada a ɗiga shi a ruwan sha da ka. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya cika gorar roba fara mai haske wadda ba ta wuce lita 2 ba da ruwa garau, ya kwantar da ita a kan kwanon rufi sa'a 6 a rana mai ƙarfi, ko kwana biyu in da hadari.

Idan gudawa ta shigo gida

Rashin ruwa a jiki shi ke kashe mai gudawa, kuma a kwalara yana iya yin haka cikin sa'o'i. Kada a jira gari ya waye. A kaɗa ƙullin gishiri da sukari na asibiti a lita ɗaya ta ruwan da aka gyara, a riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan, ko yana amai a dakata minti goma a ci gaba. In babu ƙullin, a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, shafaffu ba masu tozo ba. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. A asibiti a nemi ƙwayar zinki, ana ba yaro kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya.

In bayan gidan ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko akwai jini, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan take, ana ba shi ruwan gishirin a hanya. Rashin takardar zama ko rashin jin Faransanci kada ya tsayar da kowa, a tafi da maƙwabcin da ke jin Faransanci ko Ewe, a aiko mana daga baya. Kuma in mutum biyu a gida ɗaya ko lungu ɗaya suka kamu a rana guda, a sanar da mai unguwa da ma'aikatanmu a ranar, tare da faɗin inda gidan ke ɗibar ruwa, domin mu je mu gwada shi kafin wasu su ɗiba.