Kiɗan Rok da Labaran Firgici na Edgar Allan Poe

Wani mai sauraronmu ya aiko yana tambaya: yaya mawaƙan rok suke mai da tsofaffin labaran firgici waƙa?

To, malam, misali mafi bayyana shi ne faifan da ƙungiyar Alan Parsons Project ta Ingila ta fitar a 1976, wanda ta gina kacokan bisa rubuce-rubucen Edgar Allan Poe, marubucin Amurka da ya rasu a 1849. A cikinsa akwai waƙa a kan ƙissar Poe ta 1843 ta mutumin da ya kashe wani dattijo saboda tsanar idonsa, ya binne gawar ƙarƙashin katakon ɗaki, sa'an nan, 'yan sanda na zaune suna hira, ya riƙa jin bugun zuciyar mamacin har ya tona asirin kansa.

Hikimar mawaƙan ita ce, abin da alƙalami ya siffanta da kalmomi, su da sauti suka bayyana shi: ganga tana bugawa ba sassauci tamkar zuciyar, muryar mawaƙi Arthur Brown kuwa tana tashi daga natsuwa zuwa kururuwa, yadda mai sauraro zai ji hankali yana gushewa a kunnensa. Darasin dai tsoho ne, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.