Gandun Dajin Zakuma

Gandun dajin Zakuma yana kudu maso gabashin ƙasar Cadi. An kafa shi a shekarar 1963. Daga Njamena tafiya ce mai nisa. Mota takan bi ta garin Mongo, ta wuni a hanya. Dole matafiyi ya yi guzurin ruwa da mai da gidan sauro.

Da rani ake zuwa, domin da damina ruwa yakan malale dajin, hanyoyi su yanke. Idan ruwa ya janye, sai namun daji su taru a bakin 'yan tafkuna: raƙuman dawa, da ɓauna, da giwaye.

Baƙi sukan kafa tanti inda masu gadi suka nuna musu. Ba mai yawo da dare, don lokacin nan zaki yake farauta.

Giwayen Zakuma sun sha wuya. A shekarar 2002 sun kai wajen 4,000. Masu neman haure suka yi ta harbe su, har a 2010 saura wajen 450. Da aka tsananta gadi, sai suka koma haihuwa.

Tambayoyi
1. Don me ba a zuwa Zakuma da damina?
2. Me ya rage yawan giwaye?