Na'ura Mai Shiga Tsakani: Wakili Ce Ko 'Yar Aike?

Manomi a Roni ya sayar da buhunan gero ga wani ɗan kasuwa da ke Kano. Ajiyar mai saye tana wani banki, ta manomin tana wani dabam, amma da aka danna lambobi a waya, kafin a ɗaure bakin buhu kuɗi sun iso. Tsakanin bankunan nan biyu akwai mai shiga tsakani da ido ba ya gani, wato manhajar kamfanin NIBSS, wadda tun 2011 take karɓar saƙo daga wannan banki ta miƙa wa wancan nan take. A yanzu kuma an ƙago waɗanda suka fi ta wayo: mutum ya faɗi bukatarsa kawai, su zaɓi hanya da kansu, in wannan ƙofa ta rufe su bi waccan. Masu ƙera su har suna kiransu wakilai.

To, shin wakilai ne a shari'a? Malaman fiƙihu sun bambanta wakili da ɗan aike. Wakili yana tsayawa a matsayin wanda ya wakilta shi, saboda haka aka sharɗanta masa hankali. Ɗan aike kuwa isar da magana ne aikinsa. Na'ura, komai wayonta, ba ta da hankalin da shari'a take ɗora wa nauyi, ba a kai ta gaban alƙali, ba a rantsar da ita. Ta fi kusa da alƙalami da takarda. Abin da ta ƙulla, mai umurtar ta ne ya ƙulla. Wanda ya kuskure lamba, alhali an nuna masa sunan mai karɓa kafin ya tabbatar, ba ya ɗora wa waya laifi. Wanda kuɗin suka faɗo masa bisa kuskure shi ma ba su halatta gare shi ba, wajibi ne ya mayar.

Inda magana take da zurfi shi ne idan na'urar ta ƙetare abin da aka umurce ta. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya. Urwa ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya komo da akuya da dinarin, Manzon Allah ya yi masa addu'ar albarka. Malikawa sun kafa hujja da wannan a kan cewa cinikin da aka yi wa mutum ba da izininsa ba yana rataye ne ga yardarsa: in ya amince ya tabbata, in ya ƙi ya warware. In haka hukuncin yake ga Sahabi mai hankali da amana, na'ura ta fi cancanta a jira yardar mai ita.

A 1990 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta zauna a Jidda, ta halatta ƙulla ciniki ta tangaraho da waya da kwamfuta. Amma ta ware abu uku: ɗaurin aure, domin sharaɗin shaidu, canjin kuɗi, domin sharaɗin hannu da hannu, da cinikin salam, irin wanda ake biyan manomi tun amfanin gona bai nuna ba, domin wajibi ne a damƙa masa kuɗinsa tun a farko.